Zafin da Ke Zurarewa ta Ƙarƙashin Gida

A ƙarshen shekarar 2022 na yi wata huɗu a Oslo, babban birnin Norwe, wajen wani kwas na 'yan jarida. Masaukin da na samu ɗaki ne a ƙasan wani gidan katako da aka gina a shekarun 1960, a wata unguwa da ke kan tudu. Rabin ɗakin a cikin ƙasa yake, tagarsa kuwa daidai take da ƙafafun masu wucewa. Irin waɗannan ɗakuna suna da yawa a can, masu gidaje na ba ɗalibai da baƙi hayarsu don su samu na rage bashin banki. Mai gidan dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Tun ranar farko ta ce in riƙa kiranta da sunanta na yanka kamar yadda suke yi, amma har na baro ƙasar bakina bai iya ba. Mama nake ce mata, ita kuma da ta gaji da gyara ni sai ta ƙyale.

Na je da shirin sanyi iyakar iyawata: riguna masu kauri, safar hannu, hular da ke rufe kunne. Daɓe ne kawai bai zo mini a rai ba. Ni mutum ne da ya tashi yana cin abinci a ƙasa, yana miƙe ƙafa a kan tabarma ya yi karatu, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar wannan don na tsallaka teku ba. Ma'aunin da ke jikin bango yana nuna digiri 21, wanda a lissafi ɗumi ne mai daɗi, amma minti goma a zaune a kan daɓen nan sai in ji sanyi ya ratsa ni har ƙashin baya. Na shimfiɗa bargo biyu, bai hana ba. Sai na yi abin da kowa zai yi, na murɗa na'urar ɗumama ɗaki zuwa 24, wani daren ma 25.

Lokacin bai dace da irin wannan ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na lantarkin Norwe daga madatsun ruwa yake fitowa, kuma yawancin gidaje da shi suke ɗumama ɗaki, musamman tun da aka haramta ƙona mai don ɗumama gidaje daga farkon 2020. Shekara da shekaru wuta tana da arha har ba a cika damuwa da ita ba. Amma a 2022 ruwa ya yi ƙasa a madatsun kudancin ƙasar, yaƙin Rasha da Yukren ya harba farashin iskar gas a Turai, kuma layukan da suka haɗa kudancin Norwe da Jamus da Birtaniya suka jawo tsadar har cikin gida. Gwamnati ta shigo da tallafi, tana ɗauke kashi 90 cikin ɗari na abin da ya haura ore 70 a kan kowane kilowat na awa guda, amma duk da haka mai cin fansho yana jin abin a jikinsa. Kuɗin hayata kuwa har da wuta a ciki.

A farkon Janairu Mama ta sauko da takardar kuɗin wutar Disamba a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, ba su cika yi ba. Ta ce, "Na san ka fito daga ƙasa mai zafi, amma a nan in mutum ya ji sanyi riga yake ƙarawa." Maganar ta sosa mini rai, don na ji ana auna ni da inda na fito. Na ce mata rigar ba ta kai wa ga daɓe. Ta kalli barguna biyun da ke ƙasa, ta haura sama ba ta ƙara cewa komai ba. Kwana uku muna gaisuwa sama-sama. Ita tana ganin ta ajiye almubazzari a gidanta, ni ina ganin na faɗa hannun marowaciya.

Maƙwabcinmu ne ya raba gardamar, wani injiniyan gine-gine mai ritaya da ke taya ta kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Ya kira mu waje ya nuna mana abin da muke wucewa kullum ba mu lura ba. Ko'ina a farfajiyar dusar ƙanƙara ta kai ƙauri, amma a jikin bangon gidan, zagaye da shi, akwai wani siririn layi kamar faɗin tafin hannu biyu inda ta narke ta janye, har ana ganin baƙar ƙasa. Ya ce, "Ga inda kuɗinki yake tafiya." Da dare ya dawo da kyamarar da ke nuna zafi da launi. Katakon saman gidan ya fito shuɗi, alamar zafi bai cika fita ta nan ba, don mijinta ya sa an ƙara masa makari a shekarun baya. Kankaren da ke tsakanin katakon da ƙasa kuwa ja wur ya fito, kamar an ɗaura wa gidan ɗamarar wuta.

Yawancinmu mun taso da fahimtar cewa zafi sama yake tashi. Iska mai zafi ce take tashi sama. Shi zafin kansa ba shi da alƙibla, duk inda sanyi yake nan yake nufa, ko sama ko ƙasa ko gefe, kuma saurinsa ya danganta da abin da zai ratsa. Kankare ƙaƙƙarfa ne wajen ɗaukar nauyi, amma wajen tare zafi rariya ne. Farar kumfar nan mara nauyi da ake kare talabijin da firji da ita a cikin kwali, wadda masana ke kira folistirin, kusan kashi 98 cikin ɗari nata iska ce da aka kulle a ƙananan gurabe, kuma zafi yana ratsa kankare kusan ninki hamsin fiye da yadda yake ratsa ta. Wato allon kumfa mai kaurin santimita 10 yana yin aikin da sai bangon kankare mai kaurin kusan mita 5 zai yi. Ƙasa ma, musamman mai danshi, ba ta fi kankare da wani abin kirki ba. Amfaninta ɗaya shi ne yawanta. Zafin da ya fita daga tsakiyar daɓe sai ya yi doguwar tafiya a cikin ƙasa kafin ya iske iskar waje, shi ya sa asarar can ba ta da yawa. Wanda ya fita ta gefe, inda daɓe ya haɗu da bango, taku ɗaya ne tsakaninsa da sanyin waje. Mafi yawan asarar a nan take, kuma a kusurwa ta fi tsanani, don sanyi yana cin ta ta fuska biyu.

Daga baya na zauna na yi wani lissafi na kaina, na ƙiyasi kawai, don in ga girman abin. A ɗauki gida mai mita 10 tsawo mita 10 faɗi, daɓensa kwance kai tsaye a kan ƙasa ba tare da makari ba. Irin wannan daɓe yana zubar da kimanin wat 70 a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. In bambancin digiri 15 ne, asarar ta kai kilowat ɗaya da ɗan ɗoriya, kamar a jona dutsen guga a bar shi dare da rana. A wata takwas na ɗumama gida, wannan ya tasam ma kilowat-awa 6,000. Dokar ginin Norwe ta 2017, a ɗaya daga cikin hanyoyin da ta ba magina su bi, ta ce kada daɓe ya zubar da fiye da wat 0.10 a kowane murabba'in mita a kan digiri ɗaya. A gidanmu na misali wannan wat 10 ke nan a maimakon 70, kuma kilowat-awa 6,000 ɗin nan ya dawo ƙasa da 900. Don a kai ga haka ne ake shimfiɗa kumfa mai kaurin santimita 30 ko fiye a ƙarƙashin sabbin gidaje a Norwe da Suwidin kafin a zuba kankare.

Akwai kuma asarar da wannan lissafi bai kama ba, wadda ni ne shaidarta. Jikin mutum ba iskar ɗaki kaɗai yake ji ba, yana zubar da ɗuminsa ga duk wani abu mai sanyi da ke kewaye da shi, ko ya taɓa shi ko bai taɓa ba. Ɗaki mai digiri 21 da daɓe mai sanyi ya fi ɗaki mai digiri 19 da daɓe mai ɗumi takura. Mai jin sanyi a ƙafa zai ƙara wuta, kuma ƙa'idar da ake yawan ambata a can ita ce kowane ƙarin digiri ɗaya yana ƙara kimanin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin ɗumama. Don haka Mama tana da gaskiyarta, na ƙara mata kuɗi. Ni ma ina da tawa.

Na tambayi injiniyan me ya sa mutanen da suka san sanyi tun kaka da kakanni za su gina gida haka. Amsarsa ce ta fi komai jan hankalina a wannan lamari, don ta nuna cewa zafin da ke zurarewa ba duka ne yake tafiya a banza ba.

Babban abin tsoron magini a ƙasashen sanyi shi ne ƙasa ta daskare a ƙarƙashin harsashi ta ɗaga gini. An daɗe ana zaton dalilin shi ne ruwa yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari in ya zama ƙanƙara. Amma wannan ɗan kumburi bai isa ya bayyana yadda titi ko layin dogo ke tasowa da taƙi guda a hunturu ɗaya ba. Wani masanin duwatsu Ba'amurke, Stephen Taber, ya nuna a 1929 da 1930 cewa akwai wani abu daban. Ya jiƙa ƙasa da wasu sinadarai waɗanda tsukewa suke yi in sun daskare, amma ƙasar ta taso duk da haka. Gunnar Beskow na Suwidin ya faɗaɗa bayanin a 1935. Abin da ke faruwa shi ne, ƙasa mai laushi kamar gari tana zuƙo ruwa daga can ƙasa zuwa inda sanyi ya tsaya, kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir a fitila. Ruwan ya daskare ya zama faifan ƙanƙara, wani ya biyo shi ya daskare a ƙarƙashinsa, faifan yana ƙara kauri yana tura duk abin da ke samansa. In bazara ta zo ya narke, ginin ya koma ƙasa, amma ba daidai ba. Daga nan sai tsagewar bango da ƙofar da ta ƙi rufuwa.

Sai abu uku sun haɗu wannan ke faruwa: sanyi, da ruwa, da irin ƙasar da ke zuƙo shi. Tsakuwa da yashi mai gautsi ba sa yi. Tsohuwar dabara ita ce a tsere wa sanyin, a haƙa harsashi har ƙasa da inda daskarewa ke kaiwa. A jihar Minesota ta Amurka doka ta sa zurfin ya kai inci 42 a kudu, inci 60 a arewa, wato mita ɗaya da rabi. Wanda ya riga ya haƙa rami mai zurfin haka kuwa, ƙara kaɗan ne ya samu ɗaki. Asalin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suka cika gidajen arewacin duniya ke nan, har da wanda nake kwana a ciki. An yi su ne don ajiye dankali da itace da tukunyar ɗumama gida, ba a yi su don mutum ya zauna ba, shi ya sa ba wanda ya damu da sa musu makari.

Sabuwar dabarar ta zo ne tare da kumfar. Wani ɗan Suwidin, Carl Munters, ya yi rajistar hanyar yin ta a farkon shekarun 1930. Shi ne kuma, tare da Baltzar von Platen, ya ƙirƙiro irin firjin da ke aiki da harshen wuta, kakan firjin kananzir da aka daɗe ana adana allurar rigakafi a cikinsa a asibitocin ƙauyukanmu. Kamfanin Dow na Amurka ya fara sarrafa kumfar a shekarun 1940, BASF na Jamus ya fito da tasa a farkon shekarun 1950. Daga nan magina a Suwidin da Norwe suka fara gwada wani tunani: maimakon a bi sanyi da haƙa, a hana shi sauka. Ana manna allon kumfa a tsaye a jikin harsashi ta waje, a shimfiɗa wani a kwance cikin ƙasa kamar fiffike zagaye da gidan, a faɗaɗa shi a kusurwoyi. Ɗumin da ƙasa ta tara a bazara, da wanda ke tasowa daga zurfinta, da ɗan abin da gidan ke zubarwa, duk sai su taru a ƙarƙashin fiffiken, layin daskarewa ya kauce wa harsashin. Norwe ta yi wani babban aikin bincike a kan daskarewar ƙasa a shekarun 1970, wanda ya ba magina ma'aunin da za su bi. Da wannan dabara harsashi mai zurfin santimita 40 ya wadatar a inda da sai an haƙa fiye da mita. An gina gidaje sama da miliyan ɗaya haka a Norwe da Suwidin da Finlan, Amurka kuwa sai a 1995 ta shigar da ita cikin dokar gina gidaje.

A nan ne lamarin Mama ya yi tsauri. Ɗanta, wanda ke zaune a wani gari, ya ba da shawara ta waya cewa a sayo makari a manna a bangon ɗakina ta ciki, aikin ƙarshen mako ɗaya, kuɗi kaɗan. Injiniyan ya girgiza kai. In aka rufe bangon ta ciki, kankaren zai rasa ɗumin da yake samu daga ɗaki, ya yi sanyi fiye da da. Iska mai laima daga numfashi da girki da wanka za ta lallaɓa bayan makarin ta iske bango mai sanyi ta zama raɓa, kamar gumin da ke fitowa a jikin kwalbar lemo. Bayan 'yan shekaru sai funfuna da ruɓewar katako, a wurin da ido ba ya gani. Kuma ƙasar da ke jikin bangon, wadda shekara sittin zafin gidan yana hana ta daskarewa, za ta iya fara daskarewa ta tura bangon. Layin nan da muka gani ya narke asara ne, amma shi ne kuma garkuwar gidan. Wanda zai toshe shi sai ya kawo wa harsashin wata garkuwar a madadinsa.

Hanyar da ta dace ita ce ta waje: a haƙe ƙasa zagaye da gidan har gindin harsashi, a manna kumfa, a mayar da tsakuwa. Kuɗin aikin ɗaruruwan dubban kurona ne, kuma kusan duka na haƙa ne, kumfar kanta ba ta da wata tsada. In don rage kuɗin wuta kaɗai za a yi, injiniyan ya faɗa mata ƙarara, ba lallai ta ga ranar da kuɗin zai dawo ba. A ganina wannan ita ce gaskiyar da masu tallan tsimin makamashi ba su cika son faɗa ba. A sabon gini, shimfiɗa kumfa kafin a zuba kankare yana cikin mafi arhar abin da za a yi, har ma yana rage kuɗin haƙa. A tsohon gini yana cikin mafi tsada, kuma ƙarƙashin daɓe ma ba a isa gare shi sai an farfasa. Tun ran gini tun ran zane. Taga da rufi ana iya sauya su bayan shekara talatin, harsashi kuwa kusan sau ɗaya ake samun damarsa.

Sai dai akwai dama ta biyu. Bututun da ke janye ruwa daga gindin harsashi ba ya dawwama, bayan shekaru talatin zuwa hamsin yakan toshe, kuma na gidan Mama tun na farko ne. Farin gishirin da ke fitowa a ƙasan bangon ɗakina, wanda nake sharewa ina zaton tsufan fenti ne, alama ce ta ruwa ya fara shiga. Ko ba don sanyi ba, haƙa ta zama dole. In kuwa ramin a buɗe yake, ƙin sa kumfa shi ne ɓarna.

Kumfar ba ta rasa nata aibin. Daga man fetur ake yin ta, tana ci da wuta in ba a rufe ta ba, wani nau'inta yana shan ruwa a hankali ya rage ƙarfi. Gara kuma, duk da ba ta cin ta, tana huda ta ta yi hanya zuwa katako ba a gani, har dokar gini a Amurka ta taƙaita binne ta a yankunan kudu masu yawan gara. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai gini a Kano ko Maradi ya yi hattara da kwaikwayo. Balle ma a wurinmu lissafin a juye yake. Zafin ƙasa a zurfin 'yan mitoci yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin, a Oslo digiri 6 ko 7, a Kano kimanin 26. A tsakar ranar Afrilu, lokacin da iska ta haura 40, daɓen siminti shi ne abu mafi sanyi a ɗaki, shi ya sa muke kwanciya a kansa, shi ya sa kuma ake binne gindin randa a ƙasa. Wanda ya sa makari a ƙarƙashin daɓensa a nan ya raba kansa da wannan sanyin. Ƙofar da zafi ke shigo mana tana sama, a kwanon rufi.

Ni da Mama mun daidaita a kan digiri 22, ta sauko mini da wata tsohuwar darduma ta gashin tumaki mai kauri da takalman ɗaka na mijinta, ni kuma na ƙara wani abu a kan haya na wata biyun da suka rage. Batun haƙar ne ta kasa yankewa har na tafi. Na ɗauka kuɗin ne, sai a daren da zan tashi ta nuna mini ta taga wasu ƙananan itatuwa masu 'ya'ya da ke jere a jikin bangon kudu, a lulluɓe da dusar ƙanƙara. Mijinta ne ya dasa su shekarar da suka tare a gidan, kuma suna tsaye ne daidai inda motar haƙa za ta bi.

A watan Agustan 2023 ta aiko mini da hoto ta WhatsApp. Rami ne mai zurfin da ya shanye tsayin mutum, zagaye da gidan, fararen alluna a jere a jikin kankaren, tagata ta da tana rataye a sama da shi. A gefe guda, a cikin bokitai biyar a inuwar gareji, ga itatuwan an tuge su da saiwarsu da ƙasarsu. Ta rubuta cewa uku sun fara sabon ganye, biyun tana jira ta gani.